Furotin da Rage Ƙiba: A Daina Yi wa Ƙodar Mutane Lissafi da Ka



Yau da ɓacin rai na zauna rubutu, kuma ba zan ɓoye muku dalili ba. Shekara kusan goma ke nan ina tsaye bayan tagar ɗakin magani a asibiti, ina miƙa wa mutane magunguna ina yi musu bayanin yadda za su sha. A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo mana. Mutum zai karɓi maganinsa, sai ya ɗan yi jim, sannan ya buɗe jaka ya ciro ƙatuwar roba mai hoton wani ƙato da ya murɗe damtse, ya ce, "Likita, don Allah duba mini wannan." Duk mai farar riga likita ne a wurin jama'a, na saba da sunan. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne amsar da nake ji idan na tambayi nawa ake sha, kuma wa ya ce a sha haka.

Kwanakin baya wani magidanci mai kimanin shekara 45 ya zo karɓar maganinsa na wata-wata. Yana da ciwon suga da hawan jini, kuma likita ya daɗe yana yi masa nasiha ya rage ƙiba. Ya kuwa ji nasihar, ya shiga gidan motsa jiki, ya rage tuwon dare, abin a yaba masa. Da ya nuna mini robarsa na tambaye shi yadda yake sha. Ya ce cokali uku a rana na cokalin da ke cikin robar, ban da ƙwai shida da safe da rabin kaza da dare, domin mai horar da su ya lissafa masa giram 210 na furotin a kullum. Na ce, "Jikin ba ya ciwo bayan ɗaga ƙarfe?" Ya ce yana yi, amma yana haɗiyar diklofenak safe da yamma. Na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da gwajin ƙoda?" Ya ce ai shi fitsarinsa lafiya ƙalau.

A ranar na mayar da shi wurin likita. Da sakamakon gwajin jini ya fito, sai ga shi ƙodarsa ba ta yin ko rabin aikin da ya kamata ta yi. Ba zan ɗora wa robar laifin da ba nata ba: suga da hawan jini ne suka yi shekaru suna cin ƙodar a ɓoye. Amma wanda ya ga jaki yana ɗingishi ya ƙara masa buhu uku, ba shi da bakin cewa babu ruwansa ranar da jakin ya durƙushe. Wanda ya ba wannan bawan Allah wancan lissafi bai tambaye shi ciwo ba, bai tambaye shi magani ba, bai ko auna tsayinsa ba. Ya dai ɗauko adadi daga wani bidiyo, ya miƙa masa, ya kuma sayar masa da roba a kai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mai motsa jiki yana rage ƙiba yana buƙatar furotin fiye da wanda yake zaune, amma buƙatar tana da iyaka, iyakar sananniya ce, abincinmu na gida yana kai mutum gare ta, kuma babu wanda ya cancanta ya yanke wa wani adadi bai san halin ƙodarsa ba.

Abin da awo ya nuna

Furotin shi ne sinadarin da jiki ke gina tsoka da fata da jini da garkuwarsa da shi. Ana auna buƙatarsa da nauyin mutum, wato giram nawa ga kowane kilo ɗaya na jiki. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2007, an tsayar da giram 0.83 ga kowane kilo a matsayin abin da zai wadatar da baligi mai lafiya. Amurka ma giram 0.8 ta daɗe tana amfani da shi. Mai kilo 70 ke nan giram 56 zuwa 58 sun tsare shi daga rashi. Wannan adadi na wanda yake zaman lafiyarsa ne, ba ya rage ci, ba ya kuma wahalar da tsokarsa.

Idan mutum ya rage abinci domin ya rame, lamarin yakan sauya. Jiki ba ya cin kitse kawai, yakan haɗa da tsoka, har masana kan ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ake zubarwa ta hanyar rage ci kaɗai ba kitse ba ne. Asarar tsoka kuwa asara ce ta gaske: ƙarfi ya ragu, gwiwa ta rasa mataimaki, jiki ya rage ƙone abinci, ƙibar ta dawo da sauri. Abu biyu ke tare wannan ɓarna, wato aikin ƙarfi da ke tilasta wa tsoka ta yi aiki, da kuma isasshen furotin. Furotin yana da wani amfanin kuma, yana riƙe ciki fiye da sitaci, kuma jiki yakan kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuzarin da ke cikinsa wajen narkar da shi. Saboda haka ne masana abinci suke ba mai rage ƙiba shawarar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo. Ga 'yan wasa masu atisaye mai tsanani, matsayar da manyan ƙungiyoyin masana abinci da likitocin wasanni na Amurka da Kanada suka fitar a 2016 ta ce giram 1.2 zuwa 2.0.

To, ina iyakar take? A 2018 masu bincike a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada suka tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum fiye da 1,800 masu ɗaga ƙarfe. Suka ga ƙarin furotin yana ƙara tsoka har zuwa wajen giram 1.6 ga kowane kilo, daga nan amfanin ya tsaya cik. Abin da ya haura haka jiki yakan ƙone shi kamar kowane abinci, ko ya adana kuzarinsa, ya tura sharar da ta rage zuwa ƙoda ta fitar a fitsari. Kowane giram na furotin yana ɗauke da kalori 4, daidai da giram ɗaya na sukari. Wanda yake kurɓar garin furotin a kan cikakken abincinsa yana zaton yana rage ƙiba, ƙarin abinci kawai yake yi da tsada.

Kurakurai biyu a lissafin 'yan kasuwa

Daga ina giram 210 ya fito? Daga wata ƙa'ida da ta yaɗu a tsakanin masu gina jiki na Amurka, wadda ke cewa giram ɗaya ga kowane fam ɗaya na nauyi. Su da fam suke awo, mu da kilo, kuma kilo ɗaya ya kai fam 2.2. Ma'anar ƙa'idar tasu ke nan giram 2.2 ga kowane kilo, wato sama da ƙurewar abin da aka yanke wa 'yan wasa. An tsara ta ne domin samari marasa kitse masu shirin gasa, sai ga shi ana ɗora ta a kan magidanci mai tumbi da ciwon suga.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Suna ninka adadin da nauyin da mutum yake da shi yau, alhali kuwa kitse ba ya buƙatar furotin yadda tsoka take buƙata. Mai ƙiba sosai ya kamata ya yi lissafi da nauyin da ya dace da tsayinsa. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka tsayinka a mita da kansa, sannan ka ninka da 25. Mutumin da na ba ku labari tsayinsa mita 1.70 ne, nauyinsa kilo 96. Idan aka ninka 1.70 da 1.70 za a sami 2.89, a ninka da 25 a sami kilo 72. Da ƙodarsa lafiya take, buƙatarsa ba za ta wuce giram 86 zuwa 115 ba. An ba shi kusan ninki biyu na wannan. Haka mace mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 95, da kilo 64 za ta yi lissafi, ta sami giram 77 zuwa 102. Wanda ya ce mata giram 190 ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana da haja a shago.

Tukunyarmu ba ta gaza ba

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka sa mutane suka raina abincin gidajensu, har ana ganin wake da nono ba su kai matsayin a kira su furotin ba sai abin da ya zo daga waje da rubutun Turanci. Ga lissafin, kowa ya duba da kansa. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, giram 8. Kofi ɗaya na dafaffen wake, wajen giram 13. Tsokar nama ko kaza ko kifi da ta kai faɗin tafin hannu, wato kimanin giram 100 bayan an dafa, tana ba da giram 22 zuwa 30. Gyaɗa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku, daga gare shi ake yin awara. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar kanta, tunda an matse mai ya fita. Busasshen kifi da kilishi da fara duk suna sahun gaba.

Ɗauki mai neman giram 90 zuwa 100 a rana. Da safe ya ci dafaffen ƙwai biyu da alale ɗaya, ya sha kofin kindirmo ba sukari, ya kusa giram 30. Da rana ya ci wake kofi ɗaya da rabi da 'yar shinkafa da gutsuren kifi, ya sake samun wajen 30. Da dare ƙaramar malmala ɗaya ta tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa ko zogale, da nama ko kifi faɗin tafin hannu, wani 30 ɗin ke nan. In ya ƙara da gyaɗa cikin tafi ɗaya da la'asar, ya kusa 100. Rarrabawar nan ma ta fi amfani ga tsoka a kan mutum ya wuni da shayi da burodi sannan ya tara komai a cin dare.

Za su ce furotin na tsiro bai cika ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Furotin an gina shi ne da tubala iri 20, tara daga cikinsu dole sai daga abinci jiki yake samu. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran, wake yana da ƙarancin wani daban, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, fura da nono: kakanninmu sun haɗa waɗannan tun kafin a san sunan sinadarin. Inda mai rage ƙiba zai yi hattara shi ne mai da gishiri. Gyaɗa giram 100 tana ɗauke da kalori fiye da 550, soyayyiyar awara da ƙosai suna shan mai, tsire da kilishi kuma suna zuwa da gishiri da magi wanda mai hawan jini ba ya buƙata. A dafa, a gasa, a turara, a rage suya.

Yanzu a kwatanta da roba. Cokali ɗaya na garin yakan ba da wajen giram 24, daidai da ƙwai huɗu. Roba mai cokali 30 ke nan giram 720 ce, daidai da kiret huɗu na ƙwai, ko ɗanyen wake kilo uku da ɗoriya, ko waken suya kilo biyu. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin waken suya kilo biyu, ku dawo ku dubi kuɗin da aka rubuta a jikin robar. Mafi yawan garin nan kuma daga ruwan da ke fita idan an matse cuku ake busar da shi. Abin da Bafulatana take da shi a ƙwarya ne aka sarrafa, aka zuba masa ɗanɗano, aka yi masa kwalliya.

Me ke cikin robar?

A matsayina na mai aikin magani, wannan ce tambayar da ta fi damuna. Magani kafin ya shiga kasuwa sai an gwada shi an tabbatar da amfaninsa da illarsa. Garin furotin ba a lissafa shi cikin magunguna. A Amurka, inda da yawa daga cikinsu ke fitowa, wata doka ta 1994 ta ba kamfanoni damar sayar da irin waɗannan kayan ƙarin abinci ba tare da hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da su tukuna ba. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Consumer Reports ta gwada nau'i 23, ta tarar fiye da kashi biyu cikin uku suna da dalma a sha ɗaya sama da abin da masananta suke ganin ya dace a rana guda. Adadin ba mai kayar da mutum nan take ba ne, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma mu da muka ga abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kanta.

Shi kansa adadin da ake rubutawa a jikin roba ana iya yi masa algus. Gwajin da aka saba yi ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, wani sinadari ne da ke cikinsa, naitirojin. Duk wanda ya zuba wani abu mai arha mai yawan naitirojin zai iya yaudarar na'ura. Haka aka yi a ƙasar Sin a 2008, aka zuba melamin a madarar jarirai domin ta nuna furotin mai yawa. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu, kuma ƙoda ce ta ɗauki dukan. Idan haka ta faru da madarar gwangwani mai sunan kamfani, me za a ce game da garin da ake ɗurawa a leda ba suna, ba lambar NAFDAC, ana tallarsa a WhatsApp?

Sau da yawa kuma mai sayar da garin shi ne mai sayar da shayin rage ƙiba. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama irin wannan shayi da ƙwayoyi ɗauke da sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ya sha wannan yana zaton ganye ne.

Ƙoda ba ta kuka da wuri

Masu kare wannan kasuwa suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma zan ba su ita. Sun ce bincike ya nuna yawan furotin ba ya lalata lafiyayyiyar ƙoda. Haka ne, wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 28 a 2018 bai ga illa ga aikin ƙodar masu lafiya ba. Amma kalmar da suke tsallakewa ita ce "lafiyayyiya". Wa ya duba? Ciwon ƙoda yana iya cin fiye da rabin aikinta mutum yana fitsari yadda ya saba, ba kumburi, ba ciwon baya. Kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya yana ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Manyan masu jawo shi su ne suga da hawan jini da ƙiba, wato ainihin mutanen da likita yake turawa su rage nauyi. Waɗanda suka fi kowa jin tallar furotin su ne suka fi kowa zama cikin haɗari. Mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja, inda wannan ciwo ya addabi gidaje, sun san abin da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako yake yi wa dukiyar iyali.

Ƙa'idojin kula da masu ciwon ƙoda na ƙasa da ƙasa, waɗanda ƙungiyar KDIGO ta sabunta a 2024, sun ce wanda ciwonsa ya kai mataki na uku zuwa na biyar ya tsaya wajen giram 0.8 ga kowane kilo, kuma mai ciwon da ake tsoron ƙaruwarsa ya guji wuce giram 1.3. Wanda aka riga aka fara yi wa wankin ƙoda kuwa buƙatarsa ƙaruwa take yi, zuwa giram 1.0 ko 1.2. Kun ga ke nan ko a cikin masu ciwo ɗaya adadin ya bambanta, balle a ce adadi guda ya dace da kowa da kowa.

Sai kuma magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda masu zuwa gidan motsa jiki suka mayar kamar alewa. Suna rage jinin da ke isa ƙoda. Idan aka haɗa su da gumi a zafin watan Afrilu, da ƙarancin shan ruwa, da maganin hawan jini irin lisinofiril ko mai sa fitsari, ƙoda tana iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Akwai wasu haɗuwar da ya kamata iyalai su sani. Madara da garin da aka yi da ita suna hana jiki tsotse sifurofulozasin da tetarasaikilin, sai a raba su da aƙalla awa biyu. Waken suya da sinadarin kalsiyam suna rage shigar lebotairoksin, maganin da masu matsalar maƙoƙo suke sha. Abinci mai yawan furotin yana gogayya da lebodofa, maganin cutar karkarwa ta Parkinson. Mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamaid kuma, idan ya yanke tuwo da shinkafa ya koma nama da ƙwai ba a rage masa magani ba, sugansa yana iya faɗuwa ya sume a kan hanya. Wane mai horarwa ne yake tambayar waɗannan kafin ya buɗe baki?

Ɗaya ɓangaren ma ba shi da gaskiya

Kada wani ya karanta wannan ya ce na hana cin nama. Akwai wani rukuni, mata suka fi yawa a ciki, da suke ganin ƙwai da nama da wake su ne ke sa ƙiba, sai su wuni da ruwan zafi da lemon tsami da kokwamba. Sikeli zai nuna sun ragu, amma ruwa da tsoka suka zubar. Bayan wata biyu gashi na zuba, jiri na ɗibarsu, hawa bene ya zama aiki, sannan yunwa ta yi galaba ƙibar ta dawo har da riba. An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. Tsofaffi ma buƙatarsu ta fi ta matasa, giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo in ƙoda lafiya, domin tsoka zaizayewa take yi da shekaru. Mai ciki da mai shayarwa kuwa kada su shiga shirin rage ƙiba sai da sanin likita.

Rayuwa a kan garin furotin shi kaɗai ma an taɓa gwadawa. A 1976 wani likita a Amurka, Robert Linn, ya fitar da littafi yana tallar rage ƙiba da ruwan furotin zalla, wanda aka sarrafa daga fatu da jijiyoyin dabbobi. Jama'a suka yi rububi. Kafin ƙarshen 1977 rahotannin mace-mace suka fara shigowa, hukumomi suka bincika suka tarar da mutum 17, galibi mata, waɗanda ba su da wani ciwo a baya, sun mutu saboda rikicewar bugun zuciya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai kawo mini binciken da aka yi a McMaster a 2016, inda masu cin giram 2.4 ga kowane kilo suka fi masu cin 1.2 zubar da kitse, har suka ƙara tsoka. Na san shi. Samari 40 ne masu lafiya, mako huɗu kacal aka yi, ana ba su abincin da aka auna, suna atisaye mai tsanani kwana shida a mako ƙarƙashin kulawar masana. Idan kai ne wannan saurayi, an gwada ƙodarka, akwai mai lura da kai, to sai mu zauna mu yi magana. Idan kuwa tafiyar minti talatin kake yi bayan asuba kana ɗauke da katin asibiti a aljihu, wancan bincike ba da kai yake ba.

Wani kuma zai ce garin ya fi sauƙi. Ban ce guba ne ba. Mu ma a asibiti ana rubuta irinsa ga tsohon da ba ya iya tauna, da wanda aka yi wa babban aiki, da wanda ciwo ya ramar. Amma a can an san ciwon, an ga sakamakon gwaji, an san kamfanin da ya yi shi, kuma akwai wanda zai amsa tambaya idan abu ya ɓaci.

Akwai kuma abin da ba na iya kau da kai daga gare shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Arewa ce ta fi yawansu. A gidaje da yawa tsokar miya ta maigida ce, yara sai romo. Maigidan da ya ware kuɗin roba domin giram ɗari da jikinsa ba ya buƙata, alhali ɗansa ɗan shekara biyu bai ga ƙwai ba a makon nan, ya sake duba lissafinsa. A wannan gida akwai mai buƙatar furotin ƙwarai, amma ba shi ne yake sha ba.

Abin da nake nema

Ga masu horarwa a gidajen motsa jiki: aikinku yana da daraja, kuma muna buƙatarku, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane baligi ya yi motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ku tsaya a nan. Duk wanda ya zo muku ya haura shekara 40, ko mai suga, ko mai hawan jini, ku tura shi gwaji kafin ku ambaci adadi. Wanda yake sayar da roba kuma bai kamata ya zama shi ne mai yanke yawan da za a sha ba.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, mu ma da laifinmu. Muna ce wa mutum "ka rage ƙiba" mu sallame shi, ba mu gaya masa me zai ci ba, ba mu tura shi wurin masanin abinci ba. Gurbin da muka bari ne 'yan kasuwa suka cike.

Ga mai karatu da iyalinsa, abu huɗu. Ka je a auna hawan jininka da suganka, a yi maka gwajin jini na kiriyatinin da gwajin fitsari, waɗanda ake yi a kusan kowane babban asibiti. Idan ƙoda lafiya, ka lissafa giram 1.2 zuwa 1.6 da nauyin da ya dace da tsayinka, ka raba shi gida uku a yini, daga wake da ƙwai da kifi da nono da awara da nama daidai gwargwado. Idan an ga matsala, adadin na likitanka ne da masanin abinci, kada ka karɓa daga bakin kowa. Sannan duk abin da kake sha, gari ne ko shayi ko ƙwaya, ka zo da shi tagar ɗakin magani tare da katinka, mu duba tare. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan tambaya.

Shi mutumin namu an dakatar da diklofenak, an gyara masa magunguna, an rage masa furotin zuwa abin da ƙodarsa za ta iya ɗauka. Yana nan yana tafiyarsa ta safe, nauyin yana sauka a hankali, kuma yanzu duk bayan wata uku yake zuwa gwaji. Abin da ƙodar ta rasa ba zai dawo ba, ana dai ƙoƙarin tsare abin da ya rage.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.